Teburin Anti Tsakiya

Idan ka shiga babban kantin wayoyin da ke ƙasan benen nan mai gilasai, kantar masu jajayen riguna tana hannunka na dama, ta masu shuɗayen riguna tana hagu. Kamfanoni biyu ne masu ƙera waya, kowanne ya kama wurinsa, ya kafa allon talla mai fitilu, ya zuba ma'aikatansa. A tsakaninsu, inda da can ake ajiye tukunyar fure, akwai wani ɗan teburi da kujeru biyu, ɗaya ta mai teburin, ɗaya ta baƙo. Teburin ne ya jawo wa mai shi suna, har sunan ya bi ta gida, 'ya'yan maƙwabta ma Anti Tsakiya suke ce mata.

Ita ba ta sayar da waya. Amma duk wanda ya sayi sabuwa, ko daga dama ko daga hagu, sai ya biyo ta wurinta kafin ya fita. Ta manna masa gilashin da zai kare fuskar wayar, ta taya shi zaɓen rigar da za a saka mata, sannan ta juye masa lambobinsa da hotunansa da saƙonninsa daga tsohuwar zuwa sabuwar. Mace ce gajera mai jiki, ta haura hamsin, da tabarau a rataye a wuya. In za ta manna gilashi, sai ta sa a juyar da fanka, ta goge fuskar wayar da wani lallausan ƙyalle har sai ta ga kanta a ciki, ta daidaita kusurwa da kusurwa, ta saki. Ba ka ganin ƙwayar ƙura ko kumfar iska a aikinta. In ta gani kuwa, ko mai wayar ya ce ba komai, sai ta ɓanɓare ta sake.

Ta daɗe a harkar nan fiye da kowa a kantin, har da manaja. Lokacin da wayar hannu ta fara shigowa, tana da ƙaramin goyo, mijinta direban bas ne da ke fita tun da sassafe, ita kuma zaman banza ba ya karɓar ta. Sai ta samo lema da benci da waya guda, ƙatuwa kamar bulo, ta zauna a bakin titi, mutane na zuwa suna kira. A nan ta koyi abin da ya riƙe ta har yau. In mutum ya ɗauki wayar zai yi magana, sai ta kau da kai ta kama wasa da ɗanta. Ta ji an nemi aure a ƙarƙashin lemar nan, ta ji an sanar da mutuwa, ta ji magidanci yana rantsuwa cewa yana wani gari alhali ga shi tsaye a gabanta. Ko mijinta bai taɓa jin ɗaya daga ciki ba.

Da waya ta yi araha, kowa ya mallaki tasa, sai bencin ya zama wurin hutun masu jiran mota. Ba ta tsaya kukan zamani ba. Ta sa kafinta ya yi mata allo mai soket jere-jere, ta koma cajin wayoyi da sayar da kati, tana ɗaura wa kowace waya zare mai launi, ta ba mai ita guntun irinsa don kada a yi musaya. Wannan ma ya yi zamaninsa ya wuce, mutane suka koma sayen kati daga cikin wayarsu, suna yawo da abin cajinsu a aljihu. Sai ta sayi tsohuwar kwamfuta, ta sa ƙaninta ya zaunar da ita ya koya mata, tana latsawa da yatsa ɗaya yana dariya, har ta iya zuba wa mutane waƙoƙi da karatu a memori. Daga nan ne ta samu ɗan teburin da take kai yanzu. Takan ce waya ta kore ta daga aiki ya fi a ƙirga, kuma ita ce dai take sake ɗaukarta.

Ƙanin nan nata shi ake kira Dogo. Tsakaninsu akwai shekaru da yawa, ita ta goya shi, kuma ita ta yi masa magana wurin manaja har masu jar riga suka ɗauke shi. Dogo ya ɗauki aikin da zuciya ɗaya, har agogonsa da takalminsa ja ne. Abokin karawarsa a kantar hagu wani ɗan guntun saurayi ne da bakinsa ba ya rufuwa, shi ya sa ake ce masa Aku. In ka ga yadda suke harara da jifan juna da magana, sai ka rantse da kuɗin ubanninsu aka kafa kamfanonin.

Kowace shekara sai an fito da sabuwar waya, a sauke allon bara a ɗaga na bana. Wata shekara faɗan a kan kyamara ne, wannan ya ce tasa ido uku gare ta, wancan ya ce tasa huɗu. Wata shekara a kan siranta ne. Shekarar da ake maganar kuwa, sabon sabis mai sauri ne ya shigo gari, sai kamfanin ja ya riga fitowa da wayar da ke kama shi sosai. Dogo ya samu abin faɗa. Duk wanda ya shigo sai ya tare shi ya ce kafin ya ƙifta ido fim guda ya sauka, wanda ke riƙe da wayar bara kuwa a kan jaki yake tafiya. Aku kuma yana daga can yana amsawa, wai me za a yi da dokin da zai yi sukuwa da safe ya kwanta kafin rana ta take, su tasu in ka caja ta yau sai ka manta inda ka ajiye caja.

Masu saye sukan ruɗe. Da yawa sai sun zauna a kujerar baƙo sannan su rage murya su tambayi Anti Tsakiya, tsakaninta da Allah, wacce ta fi. Ba ta taɓa kama sunan wani kamfani ba. Sai dai ta tambayi mutum me yake yi da waya, a ina yake wuni, akwai wuta a unguwarsu ko babu. Mai kai saƙo a babur ta ce masa ya dubi batir. Ɗalibar da ke sauke darussa ta ce mata ta dubi sauri. Wani kuma ta juya tsohuwar tasa a hannu ta ce lafiyarta ƙalau, batir kawai ya gaji, ya hau sama wurin masu gyara a canza masa ya ƙara shekara da ita. Manaja ba ya son irin wannan shawarar, yakan yi tsaki in ya ji, amma ya lura duk wanda aka mayar haka, in ya tashi saye da gaske nan yake dawowa, har ya jawo matarsa da surukinsa.

Manajan ne ya kawo shawarar gasa. Ya gaji da hayaniyar Dogo da Aku, kuma ya hango ciniki a cikinta. Ya ce gani ya kori ji: ranar da kanti ya fi cika, za a caja sabuwar ja da sabuwar shuɗiya su cika taf, a kunna musu bidiyo iri ɗaya a kan sabon sabis, a ajiye su a gaban jama'a har ɗaya ta mutu. Kamfanonin biyu suka amince, kowa yana ganin shi ne da nasara. Da aka zo maganar wanda zai saita wayoyin ya tsare su, ba a yi gardama ba. Har Aku, da ya san Dogo ƙanin Anti Tsakiya ne, shi ya fara nuna teburinta.

Ana gobe gasar, da yamma, Dogo ya zo gidanta. Ya fara shiga ɗakin Inna, mahaifiyarsu, wadda ke zaune a wurin Anti Tsakiya tun da ƙafafunta suka fara ciwo, ya gaishe ta ya daɗe. Sannan ya fito ya same ta a baranda tana kwashe wanki daga igiya. Ya kama mata bakin zanen gado suna ninkewa, yana ta kewaye-kewaye, har ta ce masa ya faɗi abin da ya kawo shi, don rabonsa da taya ta ninkin kaya tun yana makaranta.

Sai ya faɗa. Ya gwada wayar a ɓoye, ya ga sabon sabis ɗin yana shan batir kamar rairayi da ruwa. Ogansa kuma ya riga ya gaya masa cinikinsa ya ja baya, in aka kunyata su a gaban mutane, sabon reshen da ke can bayan gari za a tura shi. Ba wani babban abu yake nema ba. In za ta saita hasken fuskar wayoyin, ta ɗan rage na tasa kaɗan, yadda ido ba zai gane ba.

Ta ajiye zanen a kwando ta dube shi. Ta ga yadda ya rame a wuya, ta tuna matarsa na da tsohon ciki, ta tuna nisan reshen nan, mota biyu ake hawa kafin a kai. Ba ƙaramin abu ne ya motsa a ranta ba.

"Dogo, a bayana ka yi wayo, ba wanda ya fi ni son ka ci gaba," ta ce. "Amma mutanen nan suna miƙo min wayarsu a buɗe, da hotunan matansu da sirrinsu a ciki, su tafi sayen ruwa su bar ni da ita. In na rage maka haske gobe, da wane ido zan karɓi wayar wani jibi?"

"Ba wanda zai sani, Yaya."

"Ni zan sani. Kai ma za ka sani, kuma duk ranar da na ce maka wani abu gaskiya ne, sai ka yi shakka."

Ya ɗauki hularsa, ya leƙa ya yi wa Inna sallama, ya tafi bai tsaya cin abinci ba.

Washegari kanti ya cika har bakin titi. An kafa lasifika, an hura balan-balan ja da shuɗi. Anti Tsakiya ta saita wayoyin a gaban kowa, ta ɗaga su sama ta nuna haskensu ɗaya, ƙararsu ɗaya, sannan ta kira wani dattijo daga cikin 'yan kallo ya duba da idonsa. Ta latsa su tare. Ta ja ta buɗe bidiyon nan take, ta shuɗiya ta tsaya tana ɗan juyi kafin ta kama. Masu jar riga suka ɗauki tafi, Dogo ya ɗan saki fuska. Ta kife wayoyin da akwatin gilashin da ake nuna agogo a ciki, ta jawo kujerarta ta zauna a gefe, ta ci gaba da manna wa mutane gilashi a kan cinyarta.

Wuni aka yi ana abu ɗaya. Mutane su je su yi sayayyarsu su dawo su leƙa. Wasan ƙwallon da aka kunna a wayoyin ya maimaita kansa har yara suka haddace inda za a ci. Wani mai gyaran takalmi da ya shigo kallo ya ce shi dai bai taɓa ganin an taru ana jiran mutuwa da murna haka ba. Aku yana zagaye da makirufo yana cewa wanda ya riga ka tashi shi zai riga ka kwanciya. Anti Tsakiya kuwa ko abincin rana a wurin ta ci, ba ta yarda ta matsa ba, da za ta shiga bayi ma sai da ta sa manaja da dattijon nan suka zauna a madadinta.

Tun da rana ta karkata aka fara ganin bambanci. Alamar batirin ta ja ta koma ja da gaske, kamar yadda wani ya faɗa aka yi dariya. Can da yamma fuskar wayar ta dushe, ta yi duhu, ta shuɗiya kuwa tana nan tana haskawa da ɗan abin da ya rage mata. Manaja ya miƙo wa Anti Tsakiya makirufo. Ta miƙe, ba ta dubi kantar dama ba, ta ce jama'a sun gani, ta ja ce ta riga buɗe bidiyo, ta shuɗiya ce ta fi daɗewa, kowa ya san abin da ya fi buƙata. Ta mayar da makirufon ta zauna. Ta ɗauki ƙyallen goge waya ta ci gaba da aikinta.

Aku ya yi rawa har hularsa ta faɗi. Dogo ya tattara kwalayensa a hankali, ya fita ta ƙofar baya.

Ba a jima ba aka tura shi reshen bayan gari. Ya ɗauke ƙafa daga gidanta, in zai gaida Inna sai ya daidaici lokacin da take kanti. Inna ta tambaye ta ko wani abu ya haɗa su, ta ce aiki ne ya yi masa yawa. Mijinta, wanda ya ji labarin a bakin fasinjojinsa, ya ce mata ta yi daidai, amma daidai ɗin nan da ciwo, ta bar yaron ya huce. Ta bar shi. Sai dai kullum ta ɗaga kai ta ga wani baƙon yaro tsaye a wurin Dogo cikin jar riga, abincin ranar ba ya yi mata daɗi.

Da matar Dogo ta tashi haihuwa, Anti Tsakiya ba ta jira a kira ta ba. Ta je asibiti tun ana naƙuda, ita ta karɓi jaririyar daga hannun nas, ita ta miƙa masa. Ya karɓa yana kallon ƙasa. Da ya ciro wayarsa zai ɗauki hoto sai ta ƙi kunnuwa, tun safe yake kiran 'yan uwa da ita har ta mutu. Anti Tsakiya ta zaro tata tsohuwa mai fasasshen baya ta miƙa masa. Ya dubi wayar, ya dube ta, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da hawaye.

"Yaya, in kika faɗa wa Aku wannan, na daina gaishe ki har abada."

"Da ma gaishe ni kake yi?" ta ce.

Daga ranar ya dawo cin abinci a gidanta. Bai koma babban kanti ba, reshen nan ne ya karɓe shi, don unguwar ta cika da sababbin gidaje, har aka ba shi riƙon kantar. Maganar hasken waya kuwa ba su sake tayar da ita ba, ko da wasa.

Shekara na zagayowa aka sauke allunan bara. Wata safiya ta shigo ta tarar da Aku a kantar dama, cikin jar riga sabuwa fil mai alamar ninki. Kamfanin ja ne ya ga bakinsa ya yi masa tayi mai tsoka. Kafin ta gama ajiye jaka ta ji shi yana gaya wa wani mai saye cewa zamanin nan na sauri ne, maganar batir ta tsofaffi ce, ai ko'ina akwai soket. Ta sauke tabarau ta dube shi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Anti, riga ce ke magana, ba ni ba." Ta yi dariya har sai da ta dafa teburi.

Sai dai wayoyin shekarar sun zo da wani abu da ya shafe ta kai tsaye. In ka ajiye sabuwa kusa da tsohuwa, da kansu suke gaisawa su juye komai, ba sai an nemi kowa ba. Wasu ma da gilashinsu a manne suke fitowa daga kwali. Kujerar baƙo ta fara wuni babu kowa. Ta gane alamar, don ba yau ta fara ganinta ba, sai ta zuba ido ta ga su wa suka rage suna zuwa. Ta lura yawanci manya ne, waɗanda 'ya'yansu suka saya musu waya mai tsada suka damƙa musu suka koma wurin aiki. Sukan zo da ita a cikin kwalinta, a naɗe cikin leda, suna jin kunyar cewa ko amsa kira ba su iya da ita ba.

Ta samu manaja ta ce tana son a ɗauke mata kujerar baƙo a kawo benci. Ya tambaye ta me zai samu a ciki, ta ce masa tsohon da ya iya waya shi ke sa a saya wa matarsa. Aka kawo benci. Yanzu da hantsi za ka tarar da mutum huɗu ko biyar a jere, kowa da tabarau a kan hanci, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta karɓar wayar daga hannun mutum, sai dai ta riƙe yatsansa ta ɗora a inda ya kamata, ta ce ya sake da kansa. Dogo ma daga can yakan turo mata nasa tsofaffin, ya rubuta musu motar da za su hau.

Cikin ɗalibanta akwai wata tsohuwar tela da ɗanta ke aiki a wata ƙasa. Ta daɗe tana fama da saƙon murya, in ta danna sai ta saki kafin ta fara magana. Ranar da ta iya, ta riƙe wurin da kyau, ta yi wa ɗan nata doguwar gaisuwa, ta yi masa faɗan rashin kira, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta saki yatsa tana haki. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Anti Tsakiya ta nuna mata inda za ta taɓa, sai muryar wani mutum ta fito yana cewa ya gode ƙwarai, yara duk suna lafiya, amma shi mai kawo mata gas ne.

Benci ya kwashe da dariya, har Aku ya leƙo daga kantarsa. Tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafi. Anti Tsakiya ta gyara zama kusa da ita, ta kamo yatsanta, ta ce, "To Mama, saƙo dai ya tafi. Yanzu bari mu nemo ɗan naki."